Filin Gyara Kayanka: Zobo Ya Cinye Mani Mabul, Da Sauran Tambayoyinku Kan Dutsen Gida

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk kan dutse ne, mabul da giranait da tarazo, sai na ce bari mu haɗa su wuri guda mu yi masu kuɗin goro. Masu tambayar yoyon rufi da fenti ku yi mani haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Na cire sunaye kamar yadda muka saba, unguwa kawai na bari.

Tambaya: Salam Malam, dan Allah a taimaka mani. Satin da ya wuce mukai walimar saukar ɗiyata baƙi suka cika falo, to akwai wani teburin tsakiya mai farin mabul da maigida ya sawo, yara suka zubar da zobo bisa kai ba wanda ya lura sai bayan isha'i da kowa ya watse. Na ishe wurin yayi ja, sai maƙociyata tace in matse lemun tsami in haɗa da omo in dirje, na yi, jan ya ɗan ragu amma yanzu wurin ya dushe kamar an barbaɗa toka, in ka shafa har kaushi-kaushi yake. Na ƙara sa ruwan khal wai ko zai fita abin sai ƙara faɗi yake. Maigida bai gani ba tukun na rufe da ƙyalle. Mi zan sa ya fita? Daga wata uwargida, Ƙofar Ƙaura.

Amsa: Hajiya Allah ya sanya albarka a karatun ɗiya. Kafin komai, aje lemun nan, aje khal ɗin nan, kar su ƙara kusantar teburin. Garin neman gira ake rasa ido, kuma wallahi yawancin mabul ɗin da ake kirana in duba a garin nan mai wanki ne ya kashe shi, abin da ya zube ɗin laifinsa kaɗan ne.

Farin da kike gani ba datti ba ne balle ya fita, fatar dutsen ce aka cinye. Shi mabul asalinsa irin farin dutsen nan ne da ake ƙonawa a yi siminti, kamar na Kalambaina a Sakkwato ko na Ashaka a Gombe, sai zafi da nauyin ƙasa suka dafa shi shekaru aru-aru har ya curu ya zama mai ɗaukar ƙyalli. Sinadarin jikinsa, kalsiyam kabonet, shi ne dai na ɓawon ƙwai. In kina son ki gani da idonki ki jefa ɓawon ƙwai cikin kofi ki zuba mashi khal ɗin nan naki, nan take za ki ga yana fitar da 'yan kumfa, in ya kwana ciki za ki ishe ya yi laushi. To abin da kika yi wa teburin kenan, sau biyu ma.

Zobon kansa ɓarna biyu ya yi, launinsa ya shiga ƙofofin dutsen ya yi tabo, tsaminsa kuma ya ci saman. Yadda muke bambance su a wurin aiki, tabo yakan fi dutsen duhu, cin tsami kau yakan fi dutsen haske kuma ba ya ƙyalli in kin karkata kai kin kalle shi ta gefen taga. Maganinsu ba ɗaya ba ne shi ya sa mutane ke ta dirza abin na ƙara lalacewa. Kuma ba zobo kaɗai ba, kunun tsamiya, fura da nono, yogot, ruwan tumatir, abarba, lemun kwalba, duk abin da za ki ɗanɗana ki yamutsa fuska mabul ma ba ya so. Ko gindin kofi ne ya jiƙe da su aka ɗora zai bar zobe.

Ragowar jan, ki sayi haidirojin a kemis, irin na wanke ciwo, ki jiƙa farar auduga ko farin tishu ki shimfiɗa bisa wurin ki rufe da leda na wasu awoyi, in ya so ki maimaita. Tunda naki fari ne ba matsala, amma mai baƙin dutse ko kore kar ya gwada don yana iya koɗar da launi. Dushewar kuma, da ace ƙarama ce wadda farce ba ya jin ta, akwai hodar folish ta mabul da masu saida dutse ke kawowa, a ɗan jiƙa tsumma a yi ta murzawa a zagaye har ƙyallin ya dawo. Naki da ya kai ga kaushi sai masu inji, su bi shi da faifan goga mai ƙwayar daimon suna zuba ruwa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, su cire wannan siririyar fatar da ta mutu sabuwa ta fito. Daɗin dutse na gaske kenan, cikinsa da wajensa duk ɗaya ne, ana gyara shi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne wani ya zo ya ce zai shafa maki banish ko wani mai, kwana biyu zai yi kyau daga baya ya yi rawaya ya fara ɓarewa kamar fatar maciji.

Ni ma na taɓa yi, kar ki ga kamar ina maki faɗa. Lokacin ina yaron aiki muka gama shimfiɗa a gidan wani Alhaji, maigidana ya bar ni in wanke ragowar siminti da asid kamar yadda ake yi wa tayil, na gama falo sai na wuce kan matattakala ban san mabul ba ce, ina zubawa tana kumfa shuuu ni kuma ina murna wai aiki na ci. Taki uku na ƙona kafin ya dawo. Marin da na sha ranar har yau in na ji warin asid sai kunnena ya tuna, kwana biyu muka yi durƙushe da inji.

Maganar maigida kuma, ranar wanka ba a ɓoye cibi, ki ɗaga ƙyallen ki nuna mashi tunda abin mai gyaruwa ne, teburi ma ana iya ɗauka a kai masu har shago.

Bari in ƙara da wannan don sauran masu karatu, da yawan abin da ake kira mabul a kasuwa tayil ne da aka yi wa zanen mabul, shi bai damu da zobo ba. Ku duba gefe ko baya, tayil za ku ga bayansa da layi-layi da tambarin kamfani kuma zanen saman bai ratsa ciki ba, sannan in kun lura zanen yana maimaita kansa daga wannan zuwa wancan. Dutsen Allah babu biyu iri ɗaya. In kun tabbata dutse ne amma ba ku san wanne ba, ku ɗiga lemun tsami ɗigo ɗaya a guntun da ya rage ko can ƙarƙashi inda ido ba ya kaiwa, bayan minti biyar ku goge, in ya bar dushewa dangin mabul ne, in bai nuna komai ba to giranait ne ko ɗan'uwansa.

Tambaya: Baba ina wuni. Wata huɗu da kawo ni, kantar kicin ɗina giranait ce mai ruwan toka, na aje galan ɗin manja a lungu ashe yana ɗiga, yanzu wurin yayi wani baƙi-baƙi kamar faɗin faranti, na wanke da omo da ruwan zafi har na gaji. An ce mani giranait baya tabo to ya akai haka? Amarya daga Tudun Wada, Daura.

Amsa: Lafiya lau ɗiyata, Allah ya ba da zaman lafiya. Wanda ya ce maki giranait ba ya tabo rabin gaskiya ya faɗa. Tsami ne bai cika damunsa ba, amma yana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, musamman mai haske irin naki, mai kuma in ya samu lokaci sai ya bi su ya sauka ciki. Tunda ya riga ya shige wankin sama ba zai kai gare shi ba ko za ki ƙarar da omon shago, sai dai a tsotso shi.

Ga yadda ake yi. Ki sami bekin soda, ki lura soda na ce ba bekin fauda ta kek ba, ki kwaɓa da ruwa ya yi kauri kamar ƙullun ƙosai mai tauri. In za ki samu asiton zalla ki kwaɓa da shi ya fi ruwa jan mai, amma ba irin na goge jan farce mai launi da ƙamshi ba, kuma in da shi za ki yi to kashe gas, buɗe taga, don yana kama wuta kamar fetur. Ki lafta kwaɓin bisa tabon kauri kamar santimita 1 ya ɗan wuce bakin tabon, ki rufe da leda ki liƙe gefe da salatif ki bar shi awa 24 zuwa 48. Daga nan ki cire ledar ki ƙyale shi ya bushe ƙarau da kansa, nan ne aikin yake, yana bushewa yana jawo man zuwa jikinsa, wanda ya yi gaggawar kankarewa tun da danshi ya yi aikin banza. Ya bushe ki kankare da cokalin katako ko na roba ki wanke. Kar ki tsorata in wurin ya ƙara duhu ranar farko, laima ce, ki ba shi kwana ɗaya ko biyu. Tabo irin naki da ya daɗe zai iya cin zagaye uku ko fiye, an ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to ke tsotsar dutse za ki yi. In man ya fita jan manjan ya rage sai ki bi da haidirojin kamar yadda na faɗa wa Hajiya a sama.

Wannan dabara ba tawa ba ce, ko Taj Mahal na Indiya da aka lulluɓe da farin mabul, in ya yi rawaya da ƙura da hayaƙi wata irin laka suke shafa mashi ta bushe su wanke, tun 1994 suke yin haka. Farar ƙasa mai tsabta irin wadda ake haƙowa a Ƙanƙara ita ma tana wannan aikin in aka niƙa ta lukwi aka tankaɗe.

In tabon ya tafi sai ki gwada kantar, ki zuba ruwa kamar cokali biyu a wuraren da kika fi aiki, kusa da sinki da kusa da gas, ki bari minti 15 ki goge. In wurin ya yi duhu to dutsen na shan ruwa, yana buƙatar maganin toshe ƙofofi, masu sana'a na ce mashi sila. A wanke kantar a bar ta ta bushe kwana guda, a shafa, a jira mintocin da aka rubuta jikin gwangwanin, sannan a goge ragowar tas kafin ya bushe, in aka bar shi ya bushe a sama hazo yake bari mai wuyar fita. Wasu za su ce maki duk wata shida, ni dai na ce ruwa ne alƙali, ki riƙa gwadawa sau ɗaya a shekara, in bai sha ba kar ki ɓata kuɗinki. Baƙin giranait mai tauri sau da yawa ma ba ya buƙata sam. Masu mabul kuma ku ji da kyau, sila yana jinkirta tabo ne kawai, ba ya hana tsami ci.

Nan gaba in mai ya zube kar ki share shi da tsumma ki baza, barbaɗa mashi fulawa ko garin masara ya tsotse ki kwashe. Galan ɗin manja kuma ki sa mashi faranti a gindi.

Tambaya: Malam barka da aiki. Na dawo Umara, abin da ya ban mamaki shi ne farin daɓen Harami, rana tsaka kana ɗawafi ba takalmi amma ba zafi. Ina gini yanzu ina son in sa irinsa a tsakar gida da wurin alwala, mi ka gani? Wani Alhaji, GRA Katsina.

Amsa: Ranka ya daɗe Allah ya karɓi ibada ya maimaita mana. Wancan dutsen farin mabul ne da ake kawowa daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka, farinsa ya kai inda yake mayar da yawancin hasken rana maimakon ya sha, shi ya sa ba ya ɗaukar zafi kamar sauran daɓe. Amma ka tuna can akwai ma'aikata da injuna suna bin sa da wanki dare da rana.

Nan gida shawarata kar ka sa shi a waje, dalilina kuma rairayi ne. Wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara ma'aunin taurin duwatsu a 1812 daga 1 zuwa 10, daimon ne 10. A wannan ma'aunin mabul yana wajen 3, giranait 6 zuwa 7, ƙwayar yashi kuma 7. Kenan duk rairayin da takalmi ya kwaso ya fi mabul tauri nesa ba kusa ba, kowane taku kamar an goga samfefa ne. To ka duba garinmu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na zubo ƙura kamar da bakin ƙwarya, ka share da safe kafin azahar ka rubuta sunanka da yatsa, ga yara da silifas ga masu kawo ruwa ga baburan samari. Shekara biyu ba za a yi ba hanyar da ake bi daga zaure zuwa falo za ta fito ta yi dishi-dishi gefe na ƙyalli.

Tsakar gida ka nemi giranait mai haske, ruwan toka ko mai ɗigo-ɗigon fari, wanda ba a yi wa folish ba ko wanda aka gasa samansa da wuta ya yi ɗan kaushi. Baƙi kar ka fara, a watan Afrilu sai ya toya ƙafa. Giranait ba baƙo ba ne a wurinmu, duk wanda ya bi hanyar Dutsin-Ma ya ga manyan duwatsun nan zube ya ga danginsa. Wurin alwala kuma ina roƙonka don Allah kar ka sa komai mai santsi, ko mabul ko giranait, dutse mai folish in ya haɗu da ruwa da ɗan sabulu ba ya jin girman kowa, kuma dattawa ne suka fi zama wurin.

In dai ranka na son farin mabul ɗin ka kai shi falonka na ciki inda ake cire takalmi, ka aje abin goge ƙafa mai faɗi waje da ciki. Ba dole sai na Girka ko Italiya ba, ƙasar nan ma akwai mabul a Jakura ta jihar Kogi da Igbeti ta jihar Oyo. Sannan ka gaya wa masu aikin gida, shara ta busasshe tukun da tsintsiya mai laushi ko busasshiyar mofa, sai an kwashe rairayin sannan ruwa ya biyo, mofa mai ruwa bisa ƙura jan yashi ne kawai daga wannan bango zuwa wancan. Ruwan kuma ɗan sabulun wanke kwanoni kaɗan ya isa bokiti, a canza shi in ya yi datti, a bi da busasshen tsumma. Masu zuba kananzir a ruwan mofa wai don ƙyalli da korar kiyashi su daina, mai ne, dutse na shan sa ya yi duhu ga santsi.

Tambaya: Kawu gidanmu na gado ne tarazo ne ko'ina har bayi. Ruwan bohol muke amfani da shi, gindin famfo yayi wani fari-fari mai tauri, inda bokitin ƙarfe ke zama kuma yayi tsatsa. Ƙanena ya haɗa Hypo da ruwan wanke masai ya zuba wai zai fi ƙarfi, sai gashi ya fito yana tari idonsa na ruwa. Ya zamu yi? Daga Rafin Daɗi.

Amsa: Ɗana bar maganar tarazo tukun. Abin da ƙanenka ya yi yana kisa. Yawancin ruwan wanke masai asid ne a ciki, bilic kuma irin Hypo ɗin nan in ya haɗu da asid iskar kulorin yake fitarwa mai ƙona huhu, ga bayi ɗan ƙarami ba taga. Kar a ƙara haɗa bilic da komai in ba ruwa ba. In har yanzu yana tari ko ƙirjinsa na riƙewa ku kai shi asibiti yau.

To tarazo. Mutane na ɗauka wani abu ne daban, alhali tsakuwar mabul ce aka kwaɓa da siminti aka goge, kuma daga tsakuwar har simintin ba mai jure asid. Shi ya sa za ka shiga tsohon bayi ka ga kewayen masai ya yi rami-rami yana riƙe datti, ruwan wankin da ke fallatsa ne ya cinye shi a hankali. Ruwan masai ya tsaya cikin masai.

Farin gindin famfo gishirin ruwan bohol ne, ruwa ya bushe ya bar shi. Abin haushin shi ne maganinsa na gaskiya tsami ne, tsamin kuma ba ya bambance shi da tarazon. Don haka sai hannu, ka jiƙa shi da ruwan ɗumi da sabulu ya ɗan yi laushi ka kankare da roba mai kaifi, tsohon katin ATM ma ya yi, ka bi da buroshin roba. Soson waya kar ya taɓa wurin, yana karce kuma guntayensa na maƙalewa su yi tsatsa. Ka gyara famfon da ke ɗiga, ka sayi robar jan ruwa duk wanda ya yi wanka ya ja ruwan zuwa magudana.

Tsatsa ita ce mafi taurin kai cikin duk tabon dutse, ba zan yi maka alkawari ba. Magungunan cire tsatsa na kasuwa galibi asid ne, sai wanda aka rubuta a jikinsa ƙarara cewa na mabul ne. Sa'arka ɗaya tarazon zamanin da yana da kauri, masu inji za su iya goge shi gaba ɗaya ya fito kamar jiya aka yi, na ga wanda ya girmi mai gidan aka goge har baƙi na tambayar ina aka sayo. Bokitin ƙarfe a canza da na roba, masu aje tukunyar gas bisa dutse ku ma ku sa mata katako ko roba a ƙasa.

Tambaya: Malam mabul ɗin kicin ɗina ya tsage wuri biyu, mai aikin yace wai daka muke yi bisa. Gaskiya muna ɗan daka yaji. Laifin waye? Uwargida, Sabuwar Unguwa.

Amsa: Ku raba laifin Hajiya. Ki ɗauki makulli ki ƙwanƙwasa kewayen tsagar, in kin ji ƙwal-ƙwal kamar ganga to akwai rami a ƙasa, mai aikin ya ɗiga siminti gudun-gudun ne bai cike ba, wannan nasa ne. Amma ko an cike, turmi da taɓarya ba abokan dutsen santimita 2 ba ne. Ki fitar da turmin waje bisa ƙasa. Tsagar ana cike ta da gam ɗin dutse mai launin da ya dace, a yi da wuri kafin ruwan wanke-wanke ya riƙa shiga.

Tambaya: Duk damina sai wani farin gari ya riƙa fitowa ta layin giranait ɗin falona da gindin bango, in na goge da ruwa ya tafi gobe ya dawo. Wasu sun ce sammu ne. Magidanci, Barhim.

Amsa: Malam kwantar da hankalinka, laima ce. Ruwan ƙasa ke hawowa ta cikin siminti yana ɗauke da gishiri, in ya iso sama ya bushe sai gishirin ya zauna. Kai kuma in ka sa ruwa narkar da shi kake ka mayar ciki, gobe ya sake fitowa. Busasshen buroshi za ka sa ka share ka kwashe, ka buɗe tagogi, kuma kar ka shafa sila yanzu sai wurin ya bushe sarai. In sabon gini ne yakan ragu da kansa in simintin ya gama bushewa. In kau duk shekara ne to ka zagaya bayan bangon ranar da aka yi ruwa ka ga inda indararo ke zuba da inda ruwa ke kwanciya, ka duba fayif ɗin da ya bi ta wurin, da yawa kuma ba a shimfiɗa leda ƙarƙashin jaman fulo, wato daɓen kankaren ƙasa, ba lokacin gini don a rage kuɗi, araha dai ba ta ado.

Tambaya: Anyi ƙunshin biki a falona lalle ya ɗiga bisa farin mabul, sannan inda nake aje kaskon turaren wuta yayi zobe rawaya. Daga Kusugu, Daura.

Amsa: Ƙanwata jan lalle yakan saurara wa haidirojin, ki yi kamar na zobon can sama ki maimaita. Baƙin rinin da ake haɗawa da shi ya fi wuya, wani sa'in sai inji. Zoben kasko kuma duba shi, in man turare ne ya tsiyaya kwaɓin bekin soda zai jawo shi, in zafin garwashi ne ya gasa wurin to sai goga. Ki sami guntun tayil ko faifan katako kaskon ya riƙa zama bisa, kwalaben humra ma ki sa su a tire. Ranar ƙunshi kuma a shimfiɗa leda da tsohuwar tabarma kafin mai lalle ta buɗe kwanonta.

Tambaya: Baba ni tawa daban ce, dutsen niƙa na gada wurin kakata da ɗansa, ya yi sulɓi baya cin komai, kuma ya daɗe a aje. Yana gyaruwa? Wata baiwar Allah, Ƙofar Sauri.

Amsa: Kai ɗiyata kin faranta mani rai, duk cikin duwatsun da aka tambaya yau naki ne kaɗai ake so ya yi kaushi. Ƙoda shi za a yi, a sami maƙodi ko ƙaramar guduma mai tsini a bi fuskarsa da sara ƙanana-ƙanana kusa da kusa har ya yi haƙora, a hankali, ban da bakin gefe don kar ya ɓalle. Ki nemi tsohuwa a unguwa ta nuna maki hannu, sun fi mu iyawa. Mai yi ya kare idonsa don ɓarɓashi na tashi. Bayan nan ki wanke da ruwan zafi da buroshi, sabulu mai ƙamshi kar ki sa don yana kama jikinsa ya fito a miya. Ki jiƙa ɗan gero ki niƙa ki zuba wa kaji, ki sake, sau biyu ko uku, har ki murza ƙullun tsakanin yatsu ki ji babu tsakuwa. In cikin kicin mai tayil za ki girka shi ki ninka buhu a ƙarƙashi. Yajin farko da ya fito kuma a ƙulla mani nawa a leda a aiko ofishin mujalla.